Diyyar Ruwan Jiratawa

Zama ne aikina yanzu. Da safe jikata takan shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin da ɗiyata ta ba ni a gidan mijinta, nan unguwar Zariya cikin Maradi, in zauna ina kallon masu shiga da masu fita har rana ta kore ni. Ɗakin na siminti ne, rufin kwano, da azahar sai ya koma kamar tanderu. Ana kawo mini ruwan leda mai sanyi daga firji, in sha, ƙishirwa ta tafi, amma bakina ba ya jin ya sha komai. Mutanen gidan suna cewa na yi shiru tun da ruwan nan ya ci mu a Jiratawa, suna tsammanin baƙin ciki ne ke cina. Da baƙin ciki ne da na gode, don shi ana kuka a rage shi. Abin da ke jikina ya fi kama da ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta. Kana ganin ta, ka san taka ce, ka tsungule ta ba ka ji ba.

Jikar tawa ce ta tayar mini da tsohon zance, ba da niyya ba. Ta yi lakwal, karatun boko mai zurfi, tana aiki da wasu masu yawo ƙauyuka suna tambayar abin da ruwa da fari suka ɓata. Wata rana tana tsefe mini kai ta ce wai manyan ƙasashe suna ta zama a kan maganar diyya. Ta ce hayaƙin masana'antunsu da motocinsu ne, shekara da shekaru, ya taru a sama ya ɗumama duniya, shi ya sa damina ta rikice mana, mu da ba mu ƙona komai ba sai kara da kashin shanu. Wasu na cewa a biya, wasu na cewa a ba da taimako dai amma kar a kira shi diyya. Na daɗe ban ji wannan kalma a bakin kowa ba. Ta gama tsifar ta tashi, ni kuwa ta bar ni a bakin gulbi, ina yarinya.

Wanda ya san gulbin Maradi na yau, rairayi fetal mafi yawan shekara da ledoji a maƙale jikin ƙaya, ba zai yarda da abin da zan faɗa ba. Muna yara fadamar nan kurmi ce. Tsamiya da kanya da gawo da goriba sun haɗa kai, in ka shiga da hantsi sai ka ɗauka yamma ta yi. Ruwa yakan zo daga kudu da damina, a hankali yake zuwa, ana jin labarinsa a bakin matafiya kafin a gan shi, ya malala cikin fadama ya kwanta, in ya janye ya bar mana baƙar laka. Ba a tsoronsa. A matsar da awaki, a ɗage kaya sama, shi ke nan. In ya tafi ya bar tafkuna, maza su shiga kamun kifi da homa, mu kuma mu bi gefe muna tsintar tarwaɗar da ta maƙale a taɓo. Abin da ya fi zauna mini a kunne shi ne kukan gauraka da sassafe, da kwaɗi bayan ruwan farko har ba ka jin mai yi maka magana, da luguden mata daga gida zuwa gida. Sai kuma wani ƙaramin sauti da ban taɓa ji a wani gari ba sai namu, bugun masu gina tulu, tim, tim, tim, daga kowace tsakar gida, tun hantsi har la'asar. Yau in na kasa kunne a nan Zariya, babura nake ji da injin niƙa.

Uwarmu maginiya ce, tulu da randa take yi. Ni da ƙanwata, wadda ke bi mini, mu ake aike ramin yumɓu a bakin fadama. Mu haƙo, mu ɗora a gammo, mu zo gida mu jiƙa shi, mu zuba ƙaiƙayi mu yi ta takawa da ƙafa har cinyoyinmu su yi rawa. Ni ba ni da magana tun ina ƙarama, ita kuwa bakinta ba ya hutawa. Tana taka yumɓu tana waƙa, tana ɗauke da tulu tana kwaikwayon tafiyar matar mai gari, ta fasa a dake ta, ta yi kuka, kafin hawayen ya bushe ta fara dariyar yadda tulun ya faɗi. Duk da haka hannunta ya fi nawa. Ta ƙwanƙwasa randa da yatsa ta gaya maka ko za ta yi yoyo ko ba za ta yi ba. Ranar gashi a jera tukwane a bayan gari, a lulluɓe da kara da kashin shanu a cinna wuta, gari duka ya ɗauki wani ƙamshi da ba shi da suna. Ranar kasuwa mu ɗauka a ka mu nufi Maradi ko Tibiri a ƙasa, muna bin inuwa tun daga gida har can. Ruwan sabuwar randa kuwa, da ɗanɗanon ƙasa da ɗan hayaƙi a cikinsa, ko a tsakiyar bazara in ka sha sai ka ji shi har tafin ƙafa.

Kakarmu ta wajen uba ba 'yar gari ba ce. Daga wani ƙauye take a bayan Tibiri, cikin Anna, manoman gero masu bin al'adar kakanninsu, kuma har ta mutu ba ta yi salla ba. Takan zo mana da bazara ta zauna har a yi shuka. Ba ta duban sama sosai, ƙasa take dubawa. Ta ga tururuwa na kwashe ƙwai, ta ga shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gidanmu, ta ga gawo ya fara zubar da ganye, sai ta ce wa babanmu ya gyara hauya. Ba ta cika kuskure ba. Takan ce mana ruwan sama ba ya shigo wa mutane babu sallama, yakan aiko da iska tukuna, mai kunne ya ji. In ruwa ya yi jinkiri babanmu ya bi malamai roƙon ruwa a bayan gari, ita kuma ta ɗauki kazarta ta nufi gindin wata tsamiya ita kaɗai. In ruwan ya sauka babu mai tambayar na wa aka amsa, kowa ya ɗauki ƙwaryar iri. Ita ta kawo wa babanmu wani irin gero na danginta, gajere mai saurin nuna, wanda ko damina ta gajarta yakan kai. Zangarniyarsa ake zaɓa a ɗaure dabam, a ajiye can saman rumbu.

Shekarar da na fara ɗaukar babban tulu ni kaɗai, gab da faɗuwar damina, wani maƙwabcinmu ya je ƙona karan gonarsa. Gonar tana daf da inda rumbunan unguwarmu suke. Da ya cinna wutar iska ba ta motsi, kafin ya juya ta taso daga gabas. Muna ramin yumɓu muka hango hayaƙi. Kafin mu iso rumbunmu ya zama toka, namu kaɗai, sauran an samu an kashe. Abincinmu na damina duka yana ciki, da irin kakarmu, da wasu zannuwan saƙi da uwarmu ke ɓoyewa a can don gudun ɓarawo. Na ga babana tsaye riƙe da guga babu ruwa a ciki. Na ga maƙwabcin nan a durƙushe, fatar hannunsa ta saɓule don da hannu ya yi ta jan damman da ke ci. Mutum ne da ya fi mu talauci, 'ya'yansa sun fi mu yawa.

Washegari dattawa suka zauna a ƙofar mai gari. Mu yara muka laɓe bayan darni muna ji. Wani ya fara cewa ai iska ce, ikon Allah ne, babu wanda ya yi da gangan. Mutumin nan bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce, "Iska ta Allah ce. Wutar tawa ce." Daga nan babu wanda ya sake ambaton iska. Da la'asar ya buɗe rumbunsa, shi da manyan 'ya'yansa, suna fitar da dami, ɗaya a ajiye musu, ɗaya a ɗauko a ka a kawo ƙofar gidanmu, har rumbun ya ƙare. Hannunsa a naɗe da tsumma ya yanko gamba ya saƙa mana sabon rumbu. Da aka zo kan irin kakarmu sai ya tsaya a gabanta ya ce wannan kam ba shi da shi, ba shi kuma da inda zai samo, ta yafe masa. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce ta ji.

Kada a ɗauka abin ya yi daɗi. Daminar nan gida biyu muka ji yunwa maimakon ɗaya. Tafasa da rama muka yi ta ci, ƙanwata har wuyanta ya yi tsawo. Babana bai yi wa mutumin magana ba har aka yi girbi, in sun haɗu a masallaci kowa ya dubi gabansa. Uwarmu ta yi ta ambaton zannuwanta har ta tsufa. Irin nan kuwa ya tafi ke nan, don da aka aika ƙauyen kaka an tarar sun shuke nasu, shekarar kuma tsutsa ta ci. Amma tun daga ranar na san abin da ake nufi da diyya. Mai wutar yakan zo da ƙafarsa, ya ga tokar da idonsa, ya ce tasa ce, ya ɗauko daga abin da shi ma yake bukata. Abin da ba ya biyuwa kuma ya tsaya a gabanka ya faɗe shi. Bayan girbi babana ya sa na kai wa maƙwabcin nan ƙwaryar sabon gero, ba tare da saƙo ba.

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya. Na yi aure nan cikin gari, na haihu. Aka yi farin da shanu suka mutu a tsaye, aka sake yin wani. Itatuwan fadama suka bi gatari ɗaya bayan ɗaya, mu ma da hannunmu a ciki, don sai an dafa tuwo. Gauraka suka daina zuwa, ban ma lura da shekarar da suka daina ba. Gulbi ya koma zuwa a makare, ko ya zo da fushi ya wuce cikin sauri. Da aka yi gonakin ban ruwa a Jiratawa mijina ya samu fili, muka ga kamar Allah ya musanya mana. Alkama da albasa da barkono, daga baya zogale, har motoci na zuwa ɗauka. Amma kowace shekara ruwan ƙasa na ƙara nisa, kuɗin jawo shi na ƙara tsada, zafin bazara ya kai ga furen tumatir na zubewa kafin ya ɗaura. Shamuwa takan zo, a yi shuka, ruwa ya ɗauke, a sake shuka, ya sake ɗaukewa. Da kakata tana raye da ta rasa abin da za ta duba. Mijina ya rasu, filin ya koma hannun ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa. Ƙanwata ma mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ta dawo wurina muka ci gaba da gina tulu, ko da yake roba ta cinye rabin kasuwar. Tsofaffi biyu a tsakar gida ɗaya, ita tana magana ni ina saurare, kamar dā.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ruwan ya fara. Babu iska kafinsa, babu wannan sanyin da ke sanar da hadari. Sama ta yi baƙi kawai ta buɗe. Mun ga ruwa a rayuwarmu, amma wannan kamar ana juye randa ne, kuma bai tsagaita ba. Kafin azahar ruwa ya kai gwiwa a lungunmu. Ba daga gulbi kaɗai ya zo ba, daga tudu ya gangaro, ja wur, ɗauke da rairayi da kara da matattun kaji. Ɗana ya ruga fadama ko zai ceci injin ban ruwansa. Matarsa ta kwashi yara ta yi gidan wani maƙwabci mai ginin siminti. Ni da ƙanwata muka tsaya kwance awaki. Mun fito da su har zaure sai ta tuna da tulunan da ta gina don kasuwa, suna ɗakin baya, ba a gasa ba.

Ta ce, "Yaya, ɗanyu ne, narkewa za su yi."

Na ce ta bar su, yumɓu bai ƙare a duniya ba. Ta yi dariya ta ce yumɓu bai ƙare ba amma bayanta ya ƙare, ba za ta sake ginin sati guda ba. Ta tattare zane ta koma. Ina riƙe da igiyar akuya na ji katangar ɗakin bayan ta zauna. Ba ta yi ƙara mai yawa ba, kamar buhun hatsi ne aka sauke daga kan jaki. Na kira ta, na sake kira. Maza suka zo suka yi ta tono da hannu cikin ruwa, ni ina tsaye da igiyar, ban sake ta ba har wani ya zare ta daga hannuna. Da suka fito da ita laka ta rufe mata fuska, na sa gefen mayafina na share. Washegari aka kai ta makwancinta. Mata suka cika inda muke suna jiran in yi kuka su taya ni, na yi ta jira ni ma, bai zo ba.

Aka zuba mu a azuzuwan lakwal, mu da duk waɗanda gidajensu suka faɗi. Daga baya aka kawo mana tanti da shinkafa da gidan sauro da bokitin roba, muka yi godiya, kuma godiyar ta gaskiya ce, don wanda ya ba ka a ranar da ba ka da komai ya yi maka. Da za a koma karatu ɗiyata ta zo ta ɗauke ni zuwa Maradi. Filin ɗana kuwa rairayi ya binne shi, zogalen sai kawunansu ake gani, rijiyar ta rufta da injin a ciki. Ramin yumɓun ma, an ce mini, babu wanda zai iya nuna inda yake.

Bayan wasu watanni jikata ta roƙe ni in je wani taro a cikin gari, wai ana so a ji daga bakin waɗanda abin ya shafa, za a kai maganar can inda ake zaman diyya. Ban so ba, amma ban iya hana ta ba. Babban ɗaki ne da fankoki, an jera ruwan gora a kan tebura. Mutane suka yi ta tashi suna faɗin abin da suka rasa, mai shanu da mai shago da mai gona. Da aka zo kaina na faɗi nawa a taƙaice. Akwai wata baƙuwa daga wata ƙasa mai nisa, ba ta jin Hausa, wani saurayi ke juya mata da faransanci. Ta yi magana, saurayin ya rusuna ya ce, "Inna, tana tambaya, in za a biya ki, mi kike so a biya?"

Ɗaki ana ginawa, akuya ana saye. Sauran ban san yadda ake sa musu kuɗi ba. Sai na tambaye shi ko masu hayaƙin suna cikin ɗakin. Ya juya mata, ta amsa, ya ce a'a, su ma da suka zo 'yan aike ne, masu abin ba su cika zuwa irin wannan wuri ba, kuma har yanzu da yawansu ba su yarda a ce nasu ne ba. Gaskiya ya faɗa mini, na kuma gode masa da bai yi mini kwana-kwana ba. Da na waiwaya sai na ga baƙuwar tana hawaye. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar jikata ba, ta baro gidansu ta zo cikin zafin nan. Na kama hannunta na ba ta haƙuri. Aka tafa, aka ba mu abinci a 'yan kwalaye, muka dawo gida.

Cikin ranin nan wani porje, irin shirin nan na ƙungiyoyi, ya zo Jiratawa da maganar taimakon manoma. Za a ba da injin mai aiki da hasken rana, da faifansa da yara ke ce wa pano, a gyara rijiya, amma rance ne, a biya a hankali da abin da ya hau kai, filin kuma shi ne jingina. Wasu suka karɓa. Ɗana ya zo ya same ni a kan tabarmar nan, ya zauna nesa kaɗan kamar yadda ya saba, yana wasa da hularsa.

Ya ce, "Inna, ruwa ya ci ni, kuma a ce in ci bashi in biya cin da ya yi mini? In ya sake dawowa baɗi fa? Ba fili, ba inji, ga bashi."

Ban ga inda ya yi kuskure ba. Ya koma ya yi ta kwasar rairayi da amalanken aro, shi kaɗai, rani guda. Duk inda ya kwashe sai ya tarar da wani a ƙasa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Yaransa suna gidan kakanninsu a Tibiri tare da uwarsu, don babu inda zai ajiye su. Gab da damina ya dawo ya ce wani Alhaji ɗan kasuwa daga Sabon Gari yana sayen irin waɗannan filaye, ya yi masa tayi. Ba mugun mutum ba ne, a kuɗin rairayi ya saya, don rairayi ya gani. Ɗana ya ce ba zai sa hannu ba sai na yarda, tunda gumin ubansa ne. Na tuna mijina yana dawowa daga filin nan da laka har gwiwa, na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Na ce ya sayar. Ya biya abin da ake bin sa na taki, ya bar wa matarsa saura, ya hau mota ya yi arewa wajen masu haƙar zinariya. Mutumin da tunda aka haife shi bai taɓa kwana nesa da gulbi ba.

Damina ta zo ta wuce. Wata ranar Alhamis jikata ta dawo daga aiki ba ta yi sallama da kyau ba, ta zauna kusa da ni ta cire takalmi. Ta ce wani kaso na kuɗin nan da ake ta zama a kai ya iso yankinmu, kuma wannan karon kyauta ne, babu biya. Har an fara kwashe rairayi da manyan motoci, za a sake haƙa rijiyoyi, a kafa pano. Sai dai na masu fili ne, wanda sunansa ke kan filin a yau. Ta ce ta yi magana a wurin aiki har muryarta ta dishe, ta ce a tuna da waɗanda suka sayar don ba su iya jira ba, aka ce mata an ji, amma ƙa'idar daga sama ta zo, ƙasa ake gyarawa, sai mai ƙasa. Tana faɗa tana kuka, tana cewa da kawunta ya ƙara haƙuri kaɗan. Na ce mata haƙurin da ya yi ma ba da abinci a ciki ya yi shi ba. Na ce ta tashi ta ci tuwo kada ya huce.

Washegari bayan an sauko daga masallaci wayar ɗiyata ta yi ƙara, ta miƙo mini. Shi ne. Muryarsa tana zuwa tana yankewa, ana jin iska da bugun ƙarfe a bayansa. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, na tambayi aiki, ya ce da godiya. Sai ya ce wani ɗan garinmu da ya iso can ya ba shi wani labari.

"Inna, gaskiya ne an kwashe rairayin?"

Na ce gaskiya ne, an fara.

"Har da wajen rijiyar Baba?"

Na ce an ce har da nan.

Ina jin numfashinsa, shi ma na san yana jin nawa. Na so in ce masa ya yi haƙuri, na ga na riga na faɗa masa wannan sau da yawa. Muka zauna haka, shi a can ni a nan, har kuɗin wayarsa suka ƙare. Ban san ta yanke ba, ina riƙe da ita a kunne, sai da ɗiyata ta zo ta karɓa.